Yadda za ka gane ko babbar lamba firaim ce, mu gwada da 2,147,483,647

Firaim dai ita ce lambar da ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. A kan 7 ko 13 ba wahala, amma in aka ajiye maka 2,147,483,647 fa, ta ina za ka fara?

Fara da na arha. Ƙarshenta 7 ne, kenan 2 da 5 sun fita. Tara alƙalumanta, za ka samu 46, uku ba ta raba 46, to ita ma uku ta fita.

Daga nan kar ka ce sai ka gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita, wallahi ɓata lokaci ne, ka danna sukwaya rut ɗinta (lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ita) a kalkuleta zai ba ka 46,340 da ɗoriya, in har ba firaim ɗin da ta raba ta zuwa nan to ba za a samu ba gaba.

Amma ni hanyar da ta fi burge ni ita ce ka fara gano danginta tukuna. Ƙara mata 1, sai ta zama 2,147,483,648, wato 2 a ninka da kanta sau 31. Irin waɗannan, da ake samu in an yi ta ninka 2 da kanta sannan aka cire 1, su ake kira lambobin Mersenne, kuma suna da gwajinsu na musamman, Lucas-Lehmer. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta, ka cire 2, ka raba da lambar taka ka riƙe sauran kawai, ka sake da wannan sauran. Gwada da 31, wadda ita ce 2 a ninka da kanta sau biyar a cire 1: daga 4 ka samu 14, 14 sau 14 cire 2 ya ba ka 194, saura 8, sai 62, saura 0. Zagaye uku kenan, wato 5 cire 2, sifilin nan shi ne shaida. Tamu zagaye 29 take so, 'yan layuka a yaren kwamfuta na Python sun gama, ita ma sifili take bayarwa. Masanin lissafi Euler kam da hannu ya tabbatar da ita a 1772, ta hanyar rabawa.

Hattara fa, ba duk Mersenne ce firaim ba, 11 firaim ce amma 2047, wato 2 a ninka da kanta sau 11 a cire 1, ai 23 sau 89 ce.

Sauran rabe-raben ba su da nisa. Ita ce ta takwas a jerin Mersenne firaim, kuma tunda 31 ɗin ma Mersenne ce, ana ce mata mai ninki biyu. Ba ta da 'yar tagwai, wato firaim ɗin da 2 ce kawai tsakaninsu, don in ka ƙara 2 uku na rabawa, in ka rage 2 biyar na rabawa.

In kuma kana son farautar sababbi, sauke manhajar Prime95 ta GIMPS, shirin neman Mersenne firaim a intanet, kyauta ka bar kwamfuta tana aiki, a wannan shirin Luke Durant ya gano mai alƙaluma 41,024,320 a Oktoban 2024, sai dai ka tanadi wuta don gwaji ɗaya kan ɗauki kwanaki.