Yadda ake kula da kai bayan dashen gashin goshi

Makonni biyun farko bayan dashe ne suka fi buƙatar kulawa, domin a lokacin ne saiwoyin gashin suke kama fata. Kada ka sosa wurin komai ƙaiƙayinsa, kuma ka kwanta rigingine da matashi biyu a ƙarƙashin kanka don kumburi ya sauka. A zafin Legas gumi ba ya wuya, saboda haka ka guji rana da cunkoson kasuwa irin ta Mile 12, ka kuma ajiye hula mai matse goshi har sai likita ya amince. Shi za ka tambaya game da sujada, tunda dashen yana dab da inda ke taɓa ƙasa. Ɓawon da ke fitowa a wurin dashen yakan faɗi da kansa cikin kwana 10 zuwa 14.

Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne zubewar gashin tsakanin mako na 2 da na 8, alhali saiwar tana nan da ranta. Sabo yakan tsiro wajen wata na 4, siriri tukuna, ya cika cikin wata 12 zuwa 18. Idan ka ga mugunya, ko zazzaɓi ya rufe ka, ka koma asibiti a ranar.