Darasi na 9: Cin Abinci a Wurin Aiki

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai jin yunwa ba ya aikin kirki, ko lebura ne shi ko akawu. Don haka wannan darasi ba zai hana ka ci a wurin aiki ba. Zai nuna maka lokacin ci da wurin ci, da yadda za ka ci ba ka jawo wa kanka magana ba.

Malami zai fara karanta labarin da ke ƙasa, sannan ɗalibai su karɓa, kowa da sakin layinsa.

Ƙosan sabon masinja

An ɗauki wani saurayi aikin masinja a wata sakatariya. Gidansu da nisa, sai ya hau mota biyu kafin ya iso, don haka kullum yakan fito bai karya ba. A kwana na uku yunwa ta ci ƙarfinsa. Ya sayi ƙosai a bakin ƙofa, ya shigo da shi a leda, ya zauna a teburin da ake tara wasiƙu yana ci.

Bai gama ba aka ƙwala masa kira. Ya yi wuf ya ɗauki wasiƙar da za a kai ofishin darakta. Yana cikin tafiya ya duba, sai ga shatin yatsu uku na mai a kan takardar, daidai wurin sa hannu.

Wani tsohon akawu ya hango shi yana goga takardar a jikin riga.

"Ɗana, zo nan. Kada ka goga, ƙara yaɗuwa zai yi. Mai ba ya fita daga takarda."

"Baba, wallahi yunwa ce. Tun jiya da dare rabona da abinci."

"Ai ba cin ne laifinka ba. Inda ka ci ne. Ka ga bencin nan na bayan ofis, ƙarƙashin darbejiya? Can muke karyawa. In ka iso kafin takwas, ka zauna ka ci abinka, ka wanke hannu da sabulu, sannan ka shigo."

"To wannan takardar fa, Baba?"

"Ka mayar da ita wurin wadda ta buga, ka ce Hajiya ki yi haƙuri, ni na ɓata. Ta sake bugawa. Gara ka sha faɗanta da ka sha na darakta."

Hutu haƙƙinka ne

Ma'aikata da yawa suna cin abinci a ɓoye kamar masu sata, domin ba su san doka ta ba su lokaci ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ce duk wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a rana, dole a ba shi hutu. Ana iya ba shi hutun a dunƙule, ana iya rarraba shi, amma in an haɗa kada ya gaza awa 1. Wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, wato irin su lebura, masinja, direba, mai shara da mai buga takardu.

Mu yi lissafi. Ma'aikatun gwamnatin tarayya suna buɗewa ƙarfe 8 na safe, su tashi ƙarfe 4 na yamma. Awa 8 ke nan, ya wuce 6 ɗin da doka ta ambata. Wanda ke irin wannan aiki yana da hutunsa.

Doka dai ba ta ce ƙarfe kaza za a huta ba. Wannan tsarin wurin aiki ne. A wurare da dama a Arewa ana haɗa hutun da sallar azahar: a yi salla, a ci abinci, a dawo. A masana'anta da asibiti kuwa ana fita ne bi da bi, domin inji ba ya tsayawa, majinyaci ma ba a barin sa shi kaɗai. Ranar da ka kama aiki, tambayi na gaba da kai: "Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa ake hutu, kuma ina ake cin abinci?" Ba abin kunya ba ne.

Ke kuma mai shayarwa, sashe na 54 na wannan doka ya ba ki rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki domin shayar da jariri. Mai ciwon suga ko gyambon ciki, wanda ba ya iya jinkirta abinci, ya sanar da shugabansa tun da wuri, in da hali ya kawo takardar likita.

Mutanen da ke jira

A ganina babban laifi a wannan sha'ani ba ɓata takarda ba ne. Takarda ana sake buga ta. Babban laifi shi ne ka bar mutane a layi kana ci.

Kowa ya taɓa gani. Tsohuwa ta taso tun asuba daga ƙauye, ta kashe kuɗin mota, ta zo karɓar kati ko sa hannu. Tana tsaye a taga. Ma'aikaci kuwa ya buɗe kula a gabanta, yana kai loma, bai ko ɗaga kai ba. Wataƙila ita ko ruwa ba ta sha ba. Ba ta da bakin magana, sai ta haɗiye, amma ba za ta manta fuskarsa ba. Irin wannan ne ke sa a ce ma'aikatan wuri kaza ba su da mutunci, alhali mutum ɗaya ne ya yi.

In lokacin hutunka ya yi kuma akwai mutane, ka nemi abokin aiki ya riƙe maka wurin, gobe ka riƙe masa. In kai kaɗai ne, ka sallami na gabanka, ka gaya wa sauran gaskiya: "Ku yi haƙuri, zan je salla in ci abinci, ƙarfe biyu zan dawo." Ka rubuta a takarda ka manna a ƙofa. Sannan ka dawo ƙarfe biyun. Awa ɗaya aka ba ka. Wanda ya fita ƙarfe 1 ya dawo ƙarfe 3 da rabi yana sakace, shi ya kira wa kansa takardar tuhuma.

Maganar bismillah

Nan ne al'adarmu take haɗuwa da tsarin ofis. Bahaushe ba ya ci a gaban mutum bai ce masa bismillah ba. Ɗabi'a ce mai kyau, kada aikin ofis ya raba ka da ita. Amma ka lura da abin da take jawowa in ka buɗe abinci a teburin aiki. Baƙo ya shigo, ka ce bismillah. Abokin aiki ya leƙo, ka ce bismillah. Kafin ka ankara mutum huɗu sun kewaye teburin, an ture fayil gefe, an mai da ofis zaure. Shi ya sa ya fi kyau a tashi a koma wurin ci, inda hannu biyar ma za su iya shiga kwano ba a ɓata komai ba.

In kai aka yi wa bismillah, ka gane cewa sau da yawa ladabi ne kawai. "Alhamdu lillahi, a ci lafiya" ta isa amsa. Wanda kullum shi ne ke wanke hannu in an buɗe kula, bai taɓa kawo nasa ba, ba za a gaya masa ba, amma za a fara ɓoye masa. Kuma abin da ka gani a firjin ofis, ko ruwan leda ne, yana da mai shi.

Ka tuna wurin aiki ya tara mutane iri-iri. Miyar kuka mai daddawa da kake jin ƙamshinta, wani ɗaga masa hankali take yi a ɗaki mai rufaffiyar taga. Haka kifi, haka tafarnuwa. Kai ma kada ka yamutsa fuska in ka ga abincin wani da ba ka saba da shi ba. Da watan azumi, wanda ba ya azumi yana da damar cin abincinsa, sai dai kyautatawa ce ya kauce daga idon masu azumi. Mai azumi kuma kada ya tsare shi da tambaya, domin bai san uzurinsa ko addininsa ba.

Akwai kuma aike. Babba yakan aiki ƙarami sayen abinci, wannan ba sabon abu ba ne. Amma a ba shi kuɗin tun kafin ya tafi, kuma kada aiken ya cinye masa nasa hutun. Kai da aka aika, ka kawo canji cif, ko da naira hamsin ce. In ya ce ka riƙe, sai ka riƙe.

Ɓera da ƙuda

Ragowar biredi a cikin durowa gayyatar ɓera ce. Ɓera in ya shigo ba ya tsayawa kan biredin, sai ya ci takardu, ya tattauna wayar kwamfuta. Abin da ya fi wannan muni shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Ana kamuwa da shi in fitsari ko kashin ɓera mai ɗauke da cutar ya taɓa abinci. Don haka abinci ya zauna a rufe, ragowa kuma a fitar da ita waje a ranar, kada ta kwana a kwandon shara na cikin ofis.

Abincin da kika dafa da asuba kika zuba a leda ko roba, kafin azahar ya yi awa shida ko bakwai cikin zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ba a kan wuta ba, ba a firji ba. Kula mai riƙe zafi ta fi. In babu, a zaɓi abin da ba ya saurin lalacewa, kamar gyaɗa, dabino, ƙuli-ƙuli ko biredi. Wake da shinkafa in ya fara yauƙi ko tsami, a zubar, kuɗin magani ya fi kuɗin kwano ɗaya.

Ruwa da shayi kuma a nisanta su da kwamfuta da soket. Mai cin goro ya nemi inda zai zubar da tuƙa, ba bayan ƙofa ko ta taga ba.

Inda ba a ci ko kaɗan

Wasu wuraren ba maganar ladabi ba ce, maganar rai ce. Dokar Masana'antu ta hana ci ko sha a ɗakin da ake aiki da abu mai guba wanda ke tayar da ƙura ko hayaƙi. Wannan ya shafi masu aiki a kamfanin fenti, da majema ta zamani, da wurin haɗa maganin feshi. Haka ɗakin gwajin jini a asibiti, ba a shiga da abinci.

Masu sana'ar hannu su ma su ji. Batirin mota yana da dalma a ciki, kuma dalma guba ce. Ba ta kashe babba nan take, taruwa take yi a jiki a hankali. A 2010 an ga aikinta a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinare masu ɗauke da dalma da ake dakawa a cikin gidaje. Ƙurar ce ke hawa hannu da abinci ta shiga ciki. Mai gyaran batir, da bakanike, da mai feshin gona, kada ɗayansu ya goge hannu da tsumma ya kai loma. A wanke da sabulu da ruwa mai gudu na kamar daƙiƙa 20, har cikin farce, a fita daga wurin aikin, sannan a ci. Fetur ba abin wanke hannu ba ne, ko da an saba.

Aikin aji

Karanta waɗannan sanarwa da ƙarfi, sannan ka kwafe su a littafinka:

BA A CIN ABINCI A NAN
WANKE HANNU KAFIN KA CI
A RUFE KWANDON SHARA

Amsa da baki: Me tsohon akawu ya ce laifin masinja ne? A wane sashe na Dokar Ƙwadago aka yi maganar hutu? Me ya sa ba a barin ragowar abinci a durowa?

Lissafi: Mai gadi ya kama aiki ƙarfe 6 na safe, zai tashi ƙarfe 2 na rana. Awa nawa ke nan? Ya cancanci hutu? Wata ma'aikaciya ta huta minti 20 da hantsi. Minti nawa ya rage mata kafin ta cika awa 1?

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama ma'aikaci da lokacin hutunsa ya yi, ɗaya ya zama dattijon da ya zo daga nesa yana jira. Ku gwada yadda za su yi magana har su rabu lafiya.

Rubutu: Ɗauki takarda ka rubuta sanarwar da za ka manna a ƙofa in za ka fita hutu. Ka sa lokacin da ka fita da lokacin da za ka dawo, da lambobi manya yadda mai raunin gani zai iya karantawa. Kawo ta aji mako mai zuwa.