Kare ne ko kyanwar daji? Yadda ake karanta ɓarna a garke

Da zarar an wayi gari da mushen akuya a Ashaiman ko bayan Madina, a kewayen Accra ta ƙasar Ghana, sai ka ji ana cewa naman daji ya shigo. Galibi karnukan unguwa ne. Damisa tana can gandun dajin Mole a arewacin ƙasar, da wuya ƙwarai ta kusanto Accra, ita kuwa kyanwar daji ƙarfinta a kan kaji da zabbi yake ƙarewa, sai ko ɗan akuya sabon haihuwa. Duk da haka a duba kafin a yanke hukunci.

Abu na farko, hana yara da 'yan kallo shiga. Minti goma na tattaki ya isa ya shafe sawu. Kifa kwano a kan sawun da ya fi fitowa, ka ɗauki hoto da kwalin ashana a gefensa don a ga girma.

Sawun kare dogo ne, kuma faratansa na fitowa a gaban yatsu. Na kyanwa kewayayye ne, ba farce, domin tana janye su in tana tafiya. Dubi bayan tafin: na kyanwa tudu uku, na kare biyu. A taɓo mai santsi kyanwa ma kan fito da farce, don haka sawu ɗaya ba hujja ba ne, bi layin gaba ɗaya.

Jikin dabbar ya fi ƙasa faɗin gaskiya. Kare ba ya kisa da tsabta. Yana bin dabba da gudu yana cizon cinya, gindin wutsiya, hantsa da kunne, ya yayyaga fata, ya ci kaɗan ko ma ya bari. In ka tarar da tumaki uku ko huɗu da rauni, wasu da sauran numfashi, shinge ya faɗi saboda turereniya, karnuka ne, kuma ba ɗaya ba. Dangin kyanwa sukan kama guda, cizo ɗaya a maƙogwaro ko ƙeya, ramuka huɗu na fiƙa, da karce a kafaɗa inda suka riƙe. Daga nan su ja ta cikin ciyawa, su fige gashi ko gashin tsuntsu kafin su ci.

Sa safar hannu ka feɗe wuyan, domin gashi na ɓoye rami. Auna tsakanin ramukan fiƙoƙin sama biyu da tef ɗin tela: na kyanwar daji bai kai santimita 2 ba, na matsakaicin kare ya kai 3 ko fiye. Inda aka ciji dabba da ranta za ka ga jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. In wurin fari ne fes, cuta ko wani abu daban ne ya kashe ta, kare ya zo cin mushe kawai. Nan ne mutane suka fi kuskure, har a yi rigima da maƙwabci a banza.

In har yanzu da shakka, tankaɗe toka ka baza faɗin taku biyu kewaye da garken da magariba, ka duba da asuba.

Dabbar da kare ya ciza kada a yi gaggawar yankawa don a ceci nama. Ware ta, ka kira likitan dabbobi saboda ciwon haukan kare. Wanda yawun karen ko na dabbar ya taɓa masa rauni ya wanke da sabulu da ruwa minti 15, ya wuce asibiti a ranar.