Kurakuran da ake yi da littafin bitar jarrabawa, da yadda za a gyara su

Kuskuren farko tun a wajen saye ake tafka shi. Ɗalibi ko mahaifinsa zai ga bango mai sheƙi da sunan darasi ɓaro-ɓaro, sai ya biya ya yi gaba. Da wuya ka ga wanda ya buɗe bayan shafin suna, inda kamfanin ɗab'i ke rubuta shekara da ko bugu na nawa ne. A wannan ɗan shafi mai ƙananan haruffa ake bambance abu biyu da mutane ke cuɗanyawa: bugun da aka yi wa gyara, da sake bugawa kawai. In ka ga an ce bugu na biyu, 2009, sannan ga jerin shekaru a ƙasa har zuwa bara, to abin da ke ciki na 2009 ne, injin kawai ake ta kunnawa saboda littafin yana tafiya a kasuwa. Lambar ISBN, wato lambar shaida da ake ba littafi, ma tana taimakawa: in an yi gyara mai yawa akan ba littafi sabuwar lamba, sake bugawa kuwa ba ya canja ta.

Wani zai ce ai ilimi ba ya tsufa. Littafin da aka rubuta kafin 2006 zai gaya maka duniyoyi tara ke kewaya rana, alhali a shekarar aka fitar da Pluto daga sahu, saura takwas. Na kafin 2011 zai ce Sudan ce ƙasa mafi girma a Afirka, amma tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle, Aljeriya ce. Waɗannan ma masu sauƙin kamawa ne. Wanda ya fi cutarwa shi ne canjin manhaja, wato jerin abin da za a koya a darasi, domin ba abin da zai nuna maka shi a cikin littafin. A Ingila, daga 2017 aka fara ba da sakamakon GCSE, jarrabawar 'yan sakandare, da lambobi 9 zuwa 1 a maimakon haruffa, tare da sabunta abin da ake koyarwa, kuma a can ɗin darasi guda yana da hukumomin jarrabawa daban-daban, irin su AQA da OCR da Edexcel, kowacce da tsarin tambayoyinta. Littafin da aka tsara wa wata hukuma ba lalle ne ya dace da wata ba. Gyaran ba wuya: nemo manhajar hukumar da za ka zauna wa jarrabawa, ta shekarar da za ka zauna, ka aje ta gefen shafin abubuwan da ke ciki, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da fensir. Abin da manhaja ta ambata littafin bai kawo ba, ka san sai ka nemo shi wani wuri.

A ganina dai babbar ɓarnar ba a saye take ba, a yadda ake karatun take. Dubi ɗalibi a gaban littafinsa: ɗan yatsa ɗaya a shafin tambaya, ɗaya a can baya wajen amsoshi. Ya karanta tambaya, kafin ƙwaƙwalwa ta motsa ya leƙa baya, ya gyaɗa kai, "ai dama na sani." Bai sani ba, gane amsar ya yi da ya gan ta, kuma a ɗakin jarrabawa ba wanda zai nuna masa ita. Haka mai shafa wa layuka launi har shafi ya koma rawaya gaba ɗaya.

An gwada wannan. A 2006 Roediger da Karpicke, masana a Amurka, sun sa wasu ɗalibai maimaita karatu, wasu kuma suka rufe takarda suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda lamarin ya juye, masu gwada kansu suka yi musu fintinkau. A 2013 wani masanin, Dunlosky, da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu goma: shafa launi da sake karantawa suka faɗo cikin marasa ƙarfi, gwada kai da rarraba karatu cikin kwanaki suka zo a sama. Saboda haka karanta babi, rufe littafin, ɗauko farar takarda ka rubuta duk abin da ya zauna, sannan ka buɗe ka ga inda ka zube. Ka koma wa babin bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Tun 1885 Ebbinghaus, Bajamushe, ya nuna mafi yawan mantuwa a farko-farko take aukuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu jingine littafin aji ɗungurungum su rungumi na bita. Na bita taƙaitawa ne, an rubuta shi ne don wanda ya riga ya koya. In ka iske layi biyu da ba ka fahimta ba, kada ka haddace su, koma babban littafin ko wajen malami.

Amsoshin baya ma ba wahayi ba ne. Kurakuran ɗab'i suna faruwa, har wasu kamfanoni kan wallafa jerin gyare-gyare a shafinsu na intanet. In ka yi lissafi sau biyu amsarka ta saɓa wa ta littafi, kai wa malami kafin ka goge taka. Bugun jabu ya fi muni a nan: tawada ta dusashe, alamar ɗebewa ta ɓace, ɗan ƙaramin 2 da ke saman x ya zama ɗigo, lissafin gaba ɗaya ya tashi daga yadda yake.

Shi kuwa littafin da bangonsa ya yi alkawarin "tambayoyin da za su fito bana", aje shi. Maimakonsa nemi tsoffin takardun jarrabawa na hukumarka da tsarin ba da makinsu, in hukumar tana fitarwa. Saita agogo daidai lokacin da za a ba ka, kifa littafin bita, ka amsa takardar daga farko har ƙarshe, sannan ka yi wa kanka maki da jan biro, ba sani ba sabo.