Robar sanitaiza mai famfo: kurakuran da ake yi wajen sake cika ta, da yadda za a hana

Jama'a akwai wani abu da ya zama ruwan dare a asibitocinmu da makarantu da bankuna da ofisoshi tun lokacin korona, wato robar sanitaiza mai famfo ɗin nan da ake ajiyewa a bakin ƙofa ko a kan teburin nas. Ka tsaya ka kalle ta da kyau wata rana. Takardar jikinta ta koɗe har ta fara ɓarewa, wuyan famfon ya yi baƙi da datti, abun ya daskare a bakinsa, amma kullum cike take fal. Robar da kamfani ya yi don a yi amfani da ita sau ɗaya a yar, ita ce ke shekara biyu uku a wurin ana ta ɗura mata daga jarka.

Na san ba mugunta ke sa a yi haka ba. Mu mutane ne da ba ma yar da roba, ta ruwa ce ko ta mai sai mun samo mata wani aiki, kuma hali ne mai kyau, ga kuma tsadar kaya da kowa ke fama da ita. Amma a nan wurin tattalin yana iya jawo ainihin abin da ake gudu, saboda wanda ya matsa ya shafa ya riga ya saki jiki cewa hannunsa ya tsabtata, ba zai ƙara neman ruwa da sabulu ba, haka zai je ya taɓa ciwon majinyaci ko ya ɗauki jariri. Gara robar ta kasance babu komai a ciki mutum ya san bai tsabtace hannu ba, da ta cika da abin da ba ya aiki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙari a kan saura. Roba ta kai rabi ko ta kusa ƙarewa, sai a kwance kan a zuba sabo a kai a mayar. Gobe ma haka, wata mai zuwa ma haka, kenan abin da ke can ƙasa bai taɓa fita ba. Duk buɗewar da aka yi alkohol ɗin ciki yana ɗan tashi ya bi iska, ƙura tana shiga, bututun famfon nan kuma sai an ajiye shi a kan tebur ko a bakin sink kafin a gama zubawa sannan a sake tsoma shi ciki da duk abin da ya kwaso. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, tun a ƙa'idojinta na tsabtar hannu na 2002 ta ce kar a ƙara sabulu a kan mazubin da bai ƙare ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta faɗi haka a nata na 2009. Masu bincike a Jami'ar Arizona sun taɓa bin mazubin sabulun ruwa da ake sake cikawa a banɗakunan jama'a suna gwadawa, suka samu kusan ɗaya cikin huɗu ɗauke da ƙwayoyin cuta masu yawa. Eh, wannan sabulu ne, kuma gaskiya sanitaiza mai ƙarfin alkohol ta fi sabulu kare kanta, yawancin ƙwayoyin da suka faɗa ciki mutuwa suke. Amma akwai waɗanda ke dunƙulewa cikin ɓawo su kwanta, alkohol ba ya kashe su, kuma duk wannan kariyar tana nan ne muddin ƙarfin bai sauka ba. Wadda ba ta da alkohol kuwa ba a ma magana, a 2021 sai da aka janye wata irinta daga kasuwa a Amurka saboda an samu ƙwayar cuta ta Burkholderia a cikinta, kuma daga kamfani ta fito da ita, ba ma wani ya buɗe ya ƙara ba. Gyaran a nan ba wuya, roba in ta ƙare a ɗauke ta a kawo sabuwa da hatiminta, shikenan.

Sai zancen ruwa, wanda wallahi shi ya fi ci min rai. Sanitaiza ta yi ƙasa, famfo ya daina jawowa, sai a ɗan zuba ruwa a girgiza "don ta kai ƙarshen wata". Sanitaiza ba ta aiki yadda ya kamata sai alkohol ɗinta ya kai aƙalla kashi 60 cikin 100. Bari mu yi lissafi tare. Roba mai mililita 500 da aka rubuta 70% tana da alkohol mililita 350 a ciki, in ka ƙara mata ruwa mililita 100 kawai, wanda bai kai kwata na ledar fiya wata ba, ƙarfin ya dawo wajen 58%, ta riga ta faɗi ƙasa da layi. To ina ga wanda ya zuba ruwa a kan ɗan guntun da ya rage a gindin roba, ai wannan ruwa ne mai ƙamshi kawai, kuma irin wannan ruwan ƙwayoyin cuta na iya zama a ciki su hayayyafa. Za ka gane ta in ka shafa, ta gaskiya tana sanyi a fata ta bushe cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, wadda aka surka kuwa sai ka yi ta yarfe hannu taƙi bushewa. Amma kar a dogara da wannan gwajin, hanci da fata ba sa iya bambance mai alkohol kashi 65 da mai kashi 50. In famfo ya daina jawowa a juya robar a ƙarasa guntun a tafin hannu sannan a yar.

Akwai kuma masu haɗa iri biyu, yau mai kauri gobe mai ruwa jibi mai kumfa, duk a roba ɗaya. Kowanne da irin famfonsa, mai kauri yana toshe famfon kumfa, mai ruwa kuma in ka sa a famfon mai kauri tsartuwa yake, ya fantsama a ido musamman yara da tsayinsu ya yi daidai da bakin robar. Sannan sinadaran ma ba sa jituwa, wanda ake sawa a sanitaiza marar alkohol sabulu yana kashe masa ƙarfi, don haka ɗura ta a tsohuwar robar sabulun ruwa ɓarna ce kawai. In ka ga abun ciki ya tsinke ko ya yi gudaji ko ya rabu biyu, a zubar.

Yanzu ga babbar maganar, me ke cikin jarkar da ake ɗurowa? A 2020 da korona ta shigo, bayan an samu mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, kuɗin sanitaiza ya yi tashin gwauron zabo kamar dai yadda aka gani lokacin Ebola a 2014, kowa ya zama mai haɗawa, jarkoki ba suna ba lamba suka cika kasuwa kuma har yau ba su ƙare ba. Haɗarin shi ne methanol, ɗan'uwan ethanol ne wato alkohol ɗin da aka saba sawa a sanitaiza, kala ɗaya kusan wari ɗaya, ya fi arha, amma guba ne, yana makantarwa yana kisa in an sha, kuma yana iya ratsa fata. A watan Yunin 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara gargaɗi a kan wasu sanitaiza da aka shigo da su daga Meziko masu methanol, kuma a tsakanin Mayu da Yunin shekarar mutum 15 aka kwantar a jihohin Arizona da New Mexico bayan sun sha irin wannan, 4 suka rasu, 3 suka fita da matsalar gani. Shi ya sa ɗura sifirit ɗin da ba ka san haɗinsa ba a robar sanitaiza ba dabara ba ce.

Ka ga kuma da zarar an ɗura wani abu daban, duk rubutun da ke jikin robar ya zama ƙarya. Lambar NAFDAC ta wani kayan ce, ranar ƙarewar aiki ta wani kayan ce, lambar rukunin da za a bi a gano kaya in an samu matsala ita ma ta wani ce. Yaro ya ɗauka ya kurɓa, an ruga da shi asibiti da robar a hannu, likita ya karanta ya ga ethanol alhali methanol ne a ciki, kuma maganin wannan daban na wancan daban, lokaci kuma ba ya jira. Ko wannan kaɗai ya isa a daina.

To ya za a hana? Nan ma ana kuskure, domin abin da shugabanni suka saba shi ne a kira kilina ko masinja a yi masa faɗa, ko a manna takarda a bango "an hana". Bawan Allah nan an ce masa kar a kuskura a ga roba ba komai, an ba shi jarka da mazurari, ba a ba shi sabbin robobi ba, me ake so ya yi? Gyara daga sito yake farawa. A daina sayen jarka in robobin da ke wurin na yarwa ne, in babu jarka babu abin ɗurawa. A sa doka ta musanya, ka kawo tsohuwar roba sito ya ba ka sabuwa, a rubuta a littafi, kuma a tabbata akwai ta ko-ta-kwana a kowane ɗaki don kar ta ƙare da tsakar dare a rasa yadda za a yi. Ranar da aka buɗe roba a rubuta kwanan wata da alƙalamin maka a jikinta, in ka zo ka ga wadda ke bakin ƙofar da ɗaruruwan mutane ke bi ta wata huɗu kuma har yanzu a cike, ba sai ka tambayi kowa ba. A ja layi ɗaya da maka ko jan farce daga kan famfo ya sauko wuyan roba, ko a naɗa salatif a sa hannu a kai, in an kwance za a gani. Wasu na ɗiga sufa gulu a zaren marfin, yana aiki, amma a kula kar ya shiga ciki, a waje kawai ɗigo ɗaya.

In akwai hali, abin da ya fi duka shi ne mazubin bango mai makulli wanda ake sa masa leda ko kwalba rufaffiya daga kamfani da bakinta a haɗe, ta ƙare a cire gaba ɗaya a sa wata, ba wurin zuba komai. Akwai kuma robobi da ake yi wa kai mai haƙora wanda in ya ɗauru ba ya kwancewa sai dai ya karye, mai sayen kaya ya riƙa tambaya. Sai dai kafin a kafa mazubin bango a tabbatar ana samun ledarsa a garin, don na ga inda aka kafa masu tsada leda ta ƙare ba a samu ba, aka koma huda tsohuwar ana ɗura mata da sirinji.

Robar da ta ƙare ma kar a jefa ta shara lafiya lau da takardarta. 'Yan gwangwan za su tsince ta, ta bi hannu zuwa hannu ta faɗa wurin masu haɗa jabu, su cika ta su dawo da ita kasuwa da sunan kamfanin kirki a jiki, ko kuma wani ya zuba kananzir ko abin sha a ciki. A ɓare takardar, a cire famfon, a ɗauraye ta, a huda gindin ko a yanka ta biyu sannan a bayar da ita a matsayin roba. Kar a jefa ta wuta da guntun abu a ciki, alkohol yana kamawa nan take kuma harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana.

Nasan wani zai ce to mu asibitin ƙauye ne, da ƙyar muke samun jarkar ma, ina kuɗin sabuwar roba kullum. Gaskiya ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi la'akari da irinku, har ta fitar da yadda asibiti zai haɗa nasa, ethanol 80% ko wani irin alkohol da ake kira isopropyl 75%, da gilisarin 1.45%, da hydrogen peroxide 0.125% wanda aikinsa kashe ƙwayoyin nan masu ɓawo da ke cikin haɗin da kwalbar. Amma sake cikawar da ta yarda da ita ba a tsaye a koridor ake yi ba, kuma da robobi masu marfin murɗawa da aka yi don a riƙa wankewa. Ana tattara waɗanda suka ƙare ƙaf a kai wuri ɗaya, a wanke da ruwa da omo, a tafasa su in suna jure zafi, in ba sa jurewa a jiƙa su a ruwan kulorin mai ƙarfin 0.1% na aƙalla minti 15. In bilic ɗinku an rubuta 3.5% a jiki, awo 1 ne a ruwa awo 34. Sai a ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, a kife su su bushe ƙarƙaf, don ragowar ruwa yana rage ƙarfi, ragowar bilic kuma ba a son ya haɗu da alkohol sam. Bayan an cika a manna sabuwar takarda mai ɗauke da abin da ke ciki da ƙarfinsa da kwanan wata, sabon haɗi kuma a ajiye shi awa 72 kafin a fara amfani. Inda aka fi tafka kuskure shi ne kan famfon, a wanke roba tas a mayar da tsohon kai, alhali cikinsa akwai sifirin na ƙarfe da 'yar ƙwallo da lungunan da burushi ba ya kaiwa ruwa kuma ba ya fita. Famfon robar yarwa ba a yi shi don wanki ba, a sa sabo ko a koma marfi mai ɗagawa.

Ita jarkar a ajiye ta a rufe ruf a inuwa nesa da janareta da risho, zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana wuce digiri 40, jarkar da marfinta bai zauna ba ƙarfinta tafiya yake a hankali.

Ranar da kuma sanitaiza ta yanke gaba ɗaya, dan Allah a ɗauke robar daga wurin kar a bar ta tana jan hankalin mai ɗurawa. A kawo bokiti mai famfo irin wanda Veronica Bekoe 'yar Ghana ta ƙirƙiro, a sa sabulu a gefe da roba a ƙasa mai tarar ruwa, a wanke hannu na daƙiƙa 20 ko fiye. Dama hannun da ya yi maiƙo ko datti a bayyane, ko wanda ya taɓa mai gudawa, ruwa da sabulu ya fi masa sanitaiza ko da sabuwa ce fil daga kwali.