Kafin ka sayar da sulallan kaka

Da kakata ta rasu aka buɗe adakarta, can ƙarƙashin zannuwan saƙi muka tarar da wani ƙullin tsumma. A ciki akwai sulalla goma sha ɗaya, da dala biyu irin ta da, wato mai sule biyu, da wata ƙatuwar azurfa mai hoton mace da lulluɓi, an buga mata 1780. Duk sun yi baƙi. Ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidan, sai na samo toka da lemon tsami na zauna na dirje su har suna ɗaukar ido. Washegari na kai wa wani dattijo mai kayan da a Kasuwar Kurmi. Ya juya sule ɗaya a tafin hannunsa, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Yaro, wa ya wanke?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce to kuɗin azurfa kawai zai biya, kuɗin tsufa kuwa na riga na zubar da shi tare da ruwan toka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Tun daga ranar nake bin wannan harka, kuma ga yadda nake yi idan an kawo mini tsohon kuɗi.

Kada ka fara da shekarar da ke jiki, domin ita ta fi yaudarar mutane. Waccan mai 1780, wadda tsofaffi ke kira riyal ko liyari, hoton Mariya Tireza ne a jikinta, sarauniyar Ostiriya, wadda ta mutu a wannan shekarar. Fatake a ƙasar Larabawa da Habasha da hanyoyin Sahara sun saba da ita har ba sa yarda da wata, shi ya sa aka ci gaba da buga ta ba tare da an taɓa shekarar ba. An buga ta a Landan da Faris da Rum da Bombay, kuma har gobe ana buga ta a Biyana, babban birnin Ostiriya. Ɗaruruwan miliyoyi ne suka bazu a duniya. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canza azurfa ɗaya irin wannan liyarin. Don haka ta hannunka tana iya yiwuwa ta ratso hamada a kan raƙumi, tana kuma iya yiwuwa ka girme ta. Duk wanda ya ce maka miliyoyi za ta yi saboda ta haura shekara ɗari biyu, ko dai bai sani ba, ko kuwa shi ne mai sayarwa.

Abin farko shi ne sikeli. Ka nemi ƙaramin na lantarki irin na masu gwal, wanda ke nuna abin da bai kai giram ba. Liyari giram 28 ce da ɗan ɗoriya. Sulen Afirka ta Yamma mai bishiyar kwakwa da hoton Sarki Joji na Biyar na Ingila giram 5.66 ne, mai sule biyu 11.31. Faran biyar ta Faransa ta azurfa, wadda mutanen Nijar suka gaji sunan dala daga gare ta, giram 25 ce. Riyal ɗin Saudiyya na azurfa da alhazan da suke dawowa da shi, wajen 11.66. Wadda ta sha hannu za ta ragu kaɗan, wannan ba laifi. Amma liyari ta hau sikeli ta ba ka 24 ko 25, ajiye ta.

Bayan sikeli sai mayen ƙarfe. Azurfa ba ta bin sa ko kaɗan, amma ka sani tagulla da dalma ma ba sa bi, saboda haka ƙin manne ba shaida ba ce, mannewar ce shaidar jabu. Sannan ka ɗora ta a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa gefen da wani kwabo a hankali. Ta gaske tana yin ƙara siririya mai ja, ta dalma kuwa sai ta ce maka ƙwas ta yi shiru. Ka duba baki kuma. Kuɗin gaske bugawa ake yi, jabu yawanci zubi ne, shi ya sa za ka ga layin haɗi a gefe, ko ƙananan ramuka kamar zanzana, rubutun ya kumbura ba kaifi. Liyari ta gaske tana da rubutun Latin da ya zagaye bakinta, kuma nan ne masu zubi suka fi kasawa. Ruwan gwaji da maƙera ke ɗigawa ka bar musu shi, yana barin tabo.

Ba duk farin kuɗi ne azurfa ba. Kwabo mai huji da anini babu ko ɗigonta a cikinsu, haka ma sulen Nijeriya na 1959. Na Afirka ta Yamma, daga taro da sisi zuwa sule da dala, masu 1913 zuwa 1919 ne azurfa mai kyau, kashi 925 cikin 1,000. A 1920 aka sauya, za ka ga mai wannan shekara fari, ka ga wani tagulla, cikin fararen ma akwai wanda rabi ne kawai azurfa. Na Ingila kuwa rabi ne daga 1920 zuwa 1946, daga 1947 babu.

In ta tsallake wannan, sai maganar lafiyarta, kuma nan ne kuɗi yake hawa ko ya sauka. Ka riƙe ta ta gefe, kada ka danna yatsa a fuska. Ka samu fitila guda da gilashin ƙara girma, ka riƙa karkata ta. Inda ya fi tudu shi ke fara cinyewa. A sulen Sarki Joji ina fara duban duwatsun da ke jikin kambi, sai gashin baki da gemu, a baya kuma jijiyoyin ganyen kwakwa. In kambin ya zama sumul, sai inuwar kai da rubutu, wannan ta ƙasa ce. In ana ganin duwatsun amma gemun ya haɗe, matsakaiciya ce, kuma yawancin abin da ke gidajenmu nan ya tsaya. In silin gemu na fita ɗaya-ɗaya, kuma tsakanin haruffa akwai sauran sheƙin da ta fito da shi daga ma'aikata, to ka yi sa'a. Wannan sheƙin yana zagayawa ne kamar hannun agogo idan ka juya ta a gaban fitila. Ƙyallin wanki ba ya haka, tsaye yake wuri ɗaya, kuma gilashi zai nuna maka siraran zane bila adadin duk sun bi hanya guda. Su ne Baba ya gani a sulallana. A liyari kuwa ka dubi ƙwayoyin lu'ulu'u na maɗaurin kafaɗarta. Fataken da ma su suke dubawa, in sun shafe sai su ƙi karɓa ko su rage mata daraja.

Masu tara irin waɗannan a Amurka suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949, kuma 60 zuwa sama na wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba ce. Kamfanoni irin su PCGS da NGC suna dubawa su rufe ta cikin roba da lambarta. Amma wadda aka wanke, ko aka huda, ko aka liƙa mata kunne, ba ta samun lamba sai dai a rubuta aibinta. Mu kuwa yawancin namu sun rataya a wuyan iyayenmu mata ko a kitson Fulani. Ka duba saman baki da kyau, sau da yawa an cire kunnen an goge wurin, ko an toshe hujin. Ni a wurina wadda ta ci kwalliya tana da nata daɗin, amma kada ka biya ta kuɗin lafiyayya.

Farashi kuwa daga ƙasa ake lissafa shi. Ka fitar da tsantsar azurfar da ke ciki: liyari kashi 833 ce cikin 1,000, wato wajen giram 23.4, faran biyar 22.5, sule 5.2, riyal ɗin Saudiyya 10.7. Ka duba kuɗin azurfa na ranar a waya, za ka gan shi a kan oza, oza ɗaya kuwa giram 31.1 ce. Abin da ya fito shi ne gindin ciniki, maƙeri zai ɗan yi ƙasa da shi don ladan narkawa. Abin da ke hawa bisa wannan shi ne lafiya da ƙaranci. A bayan sulen wani lokaci za ka ga ɗan ƙaramin harafin H, alamar an buga shi a Bamingham ne ba Landan ba, kuma shekara ɗaya mai harafi da marar harafi farashinsu na iya bambanta. In za ka kwatanta a intanet, nemi wadda aka riga aka sayar, ba wadda aka sa wa farashi ana jira ba, domin kowa na iya rubuta abin da ransa ke so. Hoto kuma ba ya nuna wanki, saye da hoto cinikin biri ne a sama.

Ajiya ba wuya. Kowace ka sa ta cikin 'yar ambulan ɗinta, nesa da laima da robar ɗaure kuɗi, kada su riƙa gugar juna. Baƙin jikinta ka ƙyale shi. In ƙasa ce ta kama ta, jiƙa ta a ruwa mai tsabta, ka dafa da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba.

Sule ɗaya ya kuɓuce wa tokata a waccan rana, ya maƙale cikin ninkin tsumman sai daga baya aka gan shi. Mai 1916 ne, baƙi ƙirin, duwatsun kambin duk suna nan. Baba ya taya shi fiye da ninki biyu na 'yan'uwansa, na ce albarka.