Yadda Ake Taka Dutse da Natsuwa a Lokacin Kaka

A ƙasashe masu hunturun ƙanƙara, kaka na faɗowa ne daga Satumba zuwa Nuwamba a arewacin duniya, Maris zuwa Mayu a kudanci. Masu hawan dutse na son ta saboda zafi ya karye, ganyaye sun rine ja da rawaya. Sai dai ganyen nan da ke burge ido shi ke kayar da mutane. In ya zube ya jiƙe, yakan lulluɓe saiwa da rami da dutse mai santsi, ƙafa ta taka abin da ido bai gani ba. Don haka kariyar farko ita ce hankalinka ya zauna inda ƙafarka take.

Fara da numfashi. Minti goma na farko ka tafi a hankali fiye da yadda jiki ke so, har ya ɗumama. Daga nan ka ɗaure numfashi da taku: a wuri mai faɗi, taku uku kana shaƙa, uku kana fitarwa. Hawa ya miƙe, koma biyu-biyu. In ba ka iya faɗin jimla guda sai da haki, ka yi sauri, rage. Tunani zai sulale ya tafi wani wuri, haka yake ga kowa. Da ka farga, maido shi tafin ƙafa: ji saukar diddige, sannan tsakiya, sannan yatsu. Ido kuma ya riƙa karanta hanya taku uku zuwa biyar a gaba, don ƙafa ta san masaukinta tun ba ta tashi ba. Kana son kallon kwari ko ɗaukar hoto? Tsaya cak tukuna. Kallo da tafiya lokaci guda shi ke kawo targaɗe.

Wajen hawa, gajarta taku, ka ɗora tafin duka a ƙasa. Mai hawa da kan yatsu sha-raɓarsa kan gaji tun kafin rabin hanya. Inda tudu ya yi tsaye sosai akwai dabarar da ake kira takun hutu: ka ɗora ƙafar gaba, ka miƙar da gwiwar baya sosai ka bar nauyinka a kanta na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ka ɗaga. Ƙashi ne ke ɗauke da kai a wannan ɗan tsakani, tsoka ta sarara.

Gangara ta fi hawa haɗari, domin ana yin ta ne bayan an gaji, zuciya kuma ta riga ta koma gida. Kafin ka fara, sake ɗaure igiyar takalmi tamau a wuyan ƙafa, in ba haka ba yatsu za su yi ta dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙirji bisa ƙafafu. Tsoro kan sa mutum ya kwanta baya, wannan kuwa shi ke sa diddige ya zame. Tarin ganye, fara gwada shi da sanda. Jiƙaƙƙiyar saiwa ko kwantaccen icce, tsallake, kar ka hau. Tsawon sanda daidai shi ne gwiwar hannu ta yi kusurwar digiri 90 in an kafa ta a ƙasa, sai a rage santimita 5 zuwa 10 wajen hawa, a ƙara haka wajen sauka.

Sai lissafin lokaci, inda sababbin hannu suka fi kuskurewa, don a kaka yini raguwa yake yi kullum, kuma cikin kwari duhu kan riga faɗuwar rana. Wani mai hawan dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo ƙa'ida a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, ƙarin awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Hanya mai kilomita 10 da hawan mita 900 ke nan awa uku da rabi, ban da hutu, ban da santsi. Tsayar da lokacin juyowa tun a ƙasa, in ya cika ka juyo ko da ƙololuwa na gaban idonka. Fitilar goshi da ƙarin batir su kasance a jaka ko da kana sa ran dawowa da rana tsaka. Kar a dogara da fitilar waya, sanyi na shanye caji.

Duk hawan mita 1,000, zafin iska na sauka da kusan digiri 6.5. In a gindin dutse digiri 15 ne, mita 1,500 sama ya kusa 5, ga iska kuma. Sa kaya hawa uku: na ciki na ulu ko yadin roba mai fitar da gumi, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare ruwa da iska. Auduga ba ta da wuri a nan, tana shan gumi ta manne a jiki ta yi ta zuƙe ɗumi. Tashi kana jin ɗan sanyi-sanyi, ka cire riga kafin gumi ya keto, ka mayar da zarar ka tsaya. Zafin jiki in ya faɗi ƙasa da digiri 35 an shiga matsala. Alamominta makyarkyata, harshe ya yi nauyi, tuntuɓe, hannu ya kasa jan zif. Mai wannan hali sau da yawa bai san yana ciki ba, abokin tafiya ne zai gane. A kai shi inda babu iska, a canza masa jiƙaƙƙun kaya, a shimfiɗa wani abu tsakaninsa da ƙasa, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi in yana iya haɗiya.

Sanyi na ɓoye ƙishi, saboda haka sha kusan rabin lita a kowace awa ko ba ka ji ba. Faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowa. A Amurka da Turai kaka lokacin farauta ne, sa hula ko riga mai launin lemo mai haske. Hazo ya rufe, hanya ta ɓace, ka tsaya, ka koma alamar ƙarshe da ka tabbata da ita. In hakan ya gagara, zauna wuri guda ka busa usur sau shida cikin minti ɗaya, ka yi shiru minti ɗaya, ka maimaita. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce.